Abin Da Ke Sa Bindiga Mai Ɗura Kanta Ta Cije

Duk maharbin da ya taɓa kwana a bakin fadama yana dakon dinya ya san takaicin da ke cikin a ce tsuntsaye sun taso, ya harba na fari, ya ja kunama karo na biyu, sai ya ji shiru. Bindiga ta cije. Wannan ita ce babbar cutar bindigar farauta mai ɗura kanta, watau irin wadda ke watsa ƙwayoyin dalma, wadda kuma da zarar an harba sai ta tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗauko sabon harsashi da kanta. Makon nan filin zai duba dalilan wannan cijewa, da kuma yadda shafe-shafen da ake yi wa ƙarfe don gudun tsatsa suke shiga cikin maganar.

Asalin wannan bindiga daga hannun wani maƙeri ne na Amurka, John Moses Browning, mutumin garin Ogden a jihar Utah. Ya kai samfurinta ga kamfanin Winchester, wanda ya daɗe yana sayen ƙirarsa, amma da ya nemi a riƙa ba shi kamasho a kan kowace bindiga da aka sayar, sai suka ƙi. Ya nufi kamfanin Remington a farkon shekarar 1902, yana zaune yana jiran ganin shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, sai labari ya zo cewa Allah ya yi wa mutumin rasuwa. Daga nan ya tsallaka teku zuwa Beljiyam, inda kamfanin FN na garin Herstal ya karɓi aikin. Bindigar da aka sa wa suna Auto-5, saboda tana ɗaukar harsashi biyar, an yi ta ƙera ta har zuwa shekarar 1998.

Kafin a gane cutar sai an san yadda lafiyayyar take aiki. A ƙarƙashin bututun harbi akwai wani bututu na biyu, shi ne rumbun harsashi, a cikinsa kuwa akwai doguwar sifirin mai turo harsasai baya. Idan aka harba, sakata takan ja da baya ta fizgo kwanso ta yar, rumbu ya saki harsashi guda, wani ƙarfe mai kama da cokali ya ɗaga shi sama, sakata ta komo ta tura shi mazauninsa ta kulle. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. To, ƙarfin da ke tafiyar da aikin nan gaba ɗaya daga harsashin da aka harba yake fitowa, saboda haka in ƙarfin ya gaza, ko wani abu ya tare hanya, aiki ya tsaya.

Hanyoyin ɗibar ƙarfin nan uku ne, kowace da irin laulayinta. A ƙirar Browning, bututun harbi ɗungurungum shi ke ja da baya tare da sakata, sa'an nan akwai wasu zobba, na tagulla da na ƙarfe, da ke kama jikin rumbu suna yi masa birki. Yadda ake jera zobban nan don harsashi mai ƙarfi daban, don mara ƙarfi daban. Wanda ya bar su a jerin harsashi mai ƙarfi, sa'an nan ya ɗura mara ƙarfi, bututu ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, kwanso ya maƙale a ƙofa. Bindigogi da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa, iyakar laifinsu ke nan, mai su bai san da zaman zobban ba.

Hanya ta biyu ita ce ta hayaƙi, wadda Remington 1100 ta yi suna da ita tun fitowarta a 1963. An huda 'yan ƙananan ƙofofi a jikin bututu, hayaƙin albarushi ya bi ta nan ya tura fistan. Wannan ba ta dukan kafaɗa sosai, amma kuwa hayaƙi yakan bar baƙin dauɗa mai tauri, ƙofofin su toshe a hankali. Akwai kuma wani ɗan zoben roba mai hana hayaƙin zurarewa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya tsage bindigar ta koma harbi ɗai-ɗai. Ta uku ita ce ta kamfanin Benelli na Urbino a Italiya, wanda aka kafa a 1967, mai dogara ga zaburar da bindiga ke yi baya a lokacin harbi. Tana da tsabta, sai dai harsashi mara ƙarfi yakan gaza motsa ta, haka nan in aka rataya mata kaya masu nauyi a jiki.

Shi kansa harsashi yana da nasa alhaki. A zamanin da, kwansonsa na takarda ne, in ya sha raɓa sai ya kumbura ya ƙi shiga, har sai da na roba ya bayyana a wajen 1960. Na robar ma in ya daɗe a danne cikin rumbu, ga zafin rana, bakinsa yakan sauya siffa. Tsawo kuma ya bambanta, akwai mai milimita 70, da 76, da 89, kuma a jikin kowane bututu an rubuta iyakar wanda yake ɗauka. Ɗura dogo a gajeren mazauni ya wuce maganar cijewa, ganganci ne da rai, domin matsin da ke cikin bututu yakan haura abin da aka ƙera shi ya jure.

Yanzu kuma ga zancen tsatsa. Baƙin launin nan mai sheƙi da aka saba gani a jikin bindiga rini ne, ana tsoma ƙarfe cikin tafasasshen ruwan sinadari har fatarsa ta rikiɗa ta zama wata irin baƙar tsatsa mai kwanciya. Yana da kyaun gani, ba shi da kauri ko kaɗan, amma kāriyarsa 'yar kaɗan ce in babu mai a kansa. Gumin hannu kawai ya isa ya bar tabo cikin kwana guda a lokacin damina. Sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu sun fi amfani da wani shafi mai ruwan toka na sinadarin fosfet, mai ɗan kaushi, wanda ke shan mai ya riƙe. A zamanin nan kuwa abin da ake yayi shi ne fenti mai haɗin tangaran, irin su Cerakote, wanda ake fesawa a gasa a tanda. Gaskiya ne yana jure ruwa da gishiri fiye da rini nesa ba kusa ba.

A nan ne maganganun biyu suke haɗuwa, kuma a nan ne masu bindiga da dama suke sayen wahala da kuɗinsu. Fentin nan yana da kauri, kimanin kashi ɗaya cikin arba'in na milimita. Ido ba ya ganinsa, amma ƙarafan da aka auna su dace da juna suna jinsa, balle in an shafa wa fuska biyu masu gogayya. Jikin rumbun harsashi shi ne wurin da ya fi haɗari, domin a kansa fistan ɗin Remington 1100 yake zamewa, a kansa kuma zobban Auto-5 suke kama birki. In aka ƙara masa kauri, fistan ya riƙa tafiyar hawainiya. In aka sa masa santsi fiye da kima, birki ya tsinke, bututu ya riƙa dukan bayan bindiga da kafaɗar mai ita. Gwanin mai fenti yakan toshe ƙofofin hayaƙi da mazaunin harsashi, ya rufe wuraren gogayya kafin ya fesa. Wanda ya ɗauki bindiga tamkar ƙyauren gida, ya feshe ta ciki da waje, zai mayar wa mai ita da kyakkyawar sanda.

Mai ma haka yake. Yawansa a cikin sakata da rumbu yakan tara ƙura, musamman da hunturu, ya zama taɓo mai danƙo, sifirin ya kasa turo harsashi a kan kari. Shafawa kaɗan da tsumma ta wadatar.

Idan bindiga ta cije, abin da masu koyar da harbi suke nanatawa shi ne a ɗauke yatsa daga kunama, baki ya ci gaba da fuskantar inda babu kowa, a dakata kamar rabin minti ko harsashin zai tashi a makare, kana a buɗe a kwashe na ciki duka kafin a fara bincike. In kuwa ƙarar harbin ta fita da rauni, sai a duba cikin bututu ta baya, don kada wani abu ya tsaya a ciki. A tuna kuma, a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ba ta sa bindigar farauta mai ɗura kanta cikin jerin waɗanda 'yan sanda ke ba da lasisinsu ba. Tana cikin waɗanda sai da iznin Shugaban Ƙasa ake mallaka.