Kankiya da Kusada: A Rubuta Labarinsu Tun Dattawa Suna da Rai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni. Yau zancena a kan ƙasar Kankiya da Kusada ne.

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Kano zuwa Katsina ya ratsa ƙasar nan, ko ya sani ko bai sani ba. In ka bar ƙasar Kano sai ka faɗa ta Kusada, ka iske Gidan Mutum Ɗaya, inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi wajen Malumfashi, ɗaya ta miƙe Kankiya. Daga Kankiya zuwa birnin Katsina bai kai mil 40 ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, galibinta jigawa, ga kuka da gawo tsattsaye cikin gonaki. Damina kamar wata huɗu ce, a cikinta ake neman gero da dawa da wake da gyaɗar da za su riƙe gida shekara guda.

Dukansu biyu ƙasar Sarkin Katsina ce. Hakimin Kankiya sarautarsa Kankiya, na Kusada kuwa Bebeji. Turawa sun shigo Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, aikin hakimai ya zauna sosai cikin gundumominsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai gyaɗa ta zama kuɗi, talaka ya sami abin biyan haraji. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, a 1996 Kusada ta sami ƙaramar hukumarta. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum fiye da 150,000, Kusada kuwa kusan 100,000.

To, jama'a, wannan duka yana cikin takardun Gwamnati, ba ya ɓata. Amma wa ya sari dajin ƙauyenku? Wa ya haƙa tsohuwar rijiya? Ta ina burtalin shanu ya bi, ina kuma iyakar makiyaya? Waɗannan suna cikin kawunan dattawa, dattijo kuwa in ya kwanta dama ya tafi da nasa. Mutane sun yawaita, gona ba ta ƙaruwa. Ran da aka manta burtali, wani ya shuke shi, ran nan manomi da makiyayi za su tsaya gaban alƙali ba mai shaida.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da magatakardan hakimai, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban tsofaffin garinsu. Abin da suka faɗa a rubuta, a karanta musu su gyara, a ajiye ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin hakimi. Da rarrafe yaro kan tashi. Wanda ya gama nasa ya aiko wa Edita, mu ma mu ƙaru.

Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu