Kwamfuta ba ta ce a canja giyabos ba

Akwai wata magana da ta yi yawa a garejojinmu, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna: "Alhaji, mun sa mata kwamfuta, ta ce giyabos ne." Da an faɗi haka, zance ya ƙare. Mai mota sai ya sunkuyar da kai ya shiga lissafin inda zai samo kuɗin giyabos ɗan Beljiyam, don wa zai ja da kwamfuta? To ni ina ja da mai karanta ta. A duk lambobin da wannan na'ura ke fitarwa, babu guda ɗaya da ke nufin a sauke giyabos a jefar.

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ta wannan soket ne ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, take faɗin abin da ta gani bai yi mata daidai ba. Lambobin da suka fara da P07 na ɓangaren giya ne. P0715 na cewa labarin da ke zuwa daga sensan da ke auna juyin da ke shiga giyabos bai daidaita ba. P0720 na sensan juyin da ke fita ne. P0705 na makunnin da ke shaida wa mota ko an sa ta a P, ko R, ko D. Kowace lamba tana nuna inda za a fara dubawa ne kawai. Sensan ne ya mutu, ko waya ce ta gogu da ƙarfe, ko soket ne ya sha ruwa a wajen wanki? Wannan aikin mai gyara ne ya gano.

Wadda ta fi jawo wa mutane asara ita ce P0700. Abin da take nufi bai wuce cewa ƙwaƙwalwar giya ta ga matsala, ta roƙi ta inji ta kunna fitilar gargaɗi ba. Ainihin lambar tana can cikin ƙwaƙwalwar giyar, kuma da yawa daga ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da wayar hannu ba sa iya shiga can. Sai yaro ya ga P0700, ya ga kalmar giya a rubuce, ya yanke hukunci alhali ko ƙofar ɗakin bai buɗe ba.

Wannan a motar da take yadda kamfani ya ƙera ta ke nan. Motocinmu kuwa nawa ne suke haka? Motar da ta shigo ta Kwatano da shekara goma sha a kanta, ta ƙara wasu goma a hannun mutum uku, da wuya a ce injinta da giyabos ɗinta da wayoyinta da tayoyinta duk na asali ne. Ƙwaƙwalwar ba ta san da wannan ba. Tana nan kamar telan da ya auna yaro yana ɗan shekara goma, ya ci gaba da yanka masa yadi a kan wannan awo har bayan ya yi aure. Duk abin da ta ji, da motar da ta baro kamfani take gwada shi.

Ɗauki P0730. Ƙwaƙwalwa tana raba juyin da ke shiga da wanda ke fita, ta kwatanta da adadin da aka rubuta mata na kowace giya. In ba su zo ɗaya ba, sai ta ce giya ba ta kama daidai ba. A motar da ba a taɓa ba, wannan yakan nuna faifan kuloci na ciki sun cinye suna zamewa, ko man giya ya yi ƙasa. Amma in an ɗaura giyabos na wani samfuri, lafiyarsa ƙalau, lissafin haƙoransa ne kawai ya bambanta, lambar nan za ta iya fitowa ran da aka ɗaura shi. Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2004 ta Amurka giya huɗu gare ta, U241E. Ta 2005 da 2006 giya biyar, U250E. Inji kuwa ɗaya ne, 2AZ-FE. A kasuwa duka "giyabos ɗin Camry" ake ce musu. Wanda ya haɗa giyabos ɗin wannan da birenbos ɗin waccan ya sayi rigima da kuɗinsa, kuma in ya koma ya sayo na uku ba tare da ya duba lambar da ke jiki ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma gyare-gyaren da mu ba ma ɗaukar su a matsayin gyara. Cire tamostat ya zama al'ada a garejojinmu, wai ƙasarmu akwai zafi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota. Sai inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da sanyin hunturu a kan doguwar hanya. Motocin Toyota da dama ba sa yarda su shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya ɗumama. Direba yana kan hanyar Zariya da asuba, inji na kuka, giya ta ƙi hawa, sai ya ce giyabos ya tafi. Haka wanda ABS ɗinsa ya lalace ya ce a share, ai birki na kamawa. A motoci da yawa daga sensan tayoyi labarin gudun mota ke fitowa, in ya yanke sai maleji ya kwanta, P0500 ta fito, giya ta rikice. Ga masu ɗaura manyan tayoyi don ado: daga 205/65R15 zuwa 225/55R17 tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100, ke nan maleji na nuna 100 mota na gudun 105, giya kuma tana canjawa a kan lissafin da ba shi ne a ƙasa ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG. Ina goyon bayan wannan, amma aikin sai an yanka wayoyin inji an jona wasu. In ba a saita shi da kyau ba, inji zai riƙa shaƙewa, direba ya ji fizga ya ɗauka giya ce. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: in an mayar da motar kan fetur, tana fizgar?

Na tsaya kan wani riwaya dattijo yana duba wata Accord da aka canja wa inji, giyarta ta maƙale a ɗaya ta ƙi motsi. Lambobi sun cika fuskar na'ura, kusan duka na bawul-bawul ɗin lantarki ne da ke cikin giyabos. Bai goge ko ɗaya ba. Ya sa yaronsa ya kwafe su a takarda, sannan ya ce da mai motar, "Ranka ya daɗe, kafin a canja injin tana wannan?" Aka ce a'a. Ya ce abu biyar ba sa mutuwa rana ɗaya, sai dai abin da ya haɗa su. Ya auna batir, ya zura hannu bayan inji yana bin wayoyi da yatsa, sai ga wayar da ke haɗa inji da gangar jikin mota tana lilo, waɗanda suka ɗaura injin sun manta ba su mayar da ita ba. Noti ɗaya ya ɗaure.

Ba ina cewa giyabos ba ya mutuwa ba ne. Yana mutuwa, kuma sau da yawa mu ke kashe shi. Man giya ba iri ɗaya ba ne: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, Nissan masu giyar CVT na shan NS-2 ko NS-3. Wanda aka zuba wa "jan mai" na galan a giyar CVT, ya fara tara kuɗi. In aka zaro ma'aunin mai aka ga ya yi baƙi yana warin ƙuna, aka kwance farantin ƙasa aka tarar da garin ƙarfe, to an sami hujja. A wannan lokacin ne ya halatta a yi maganar sauke giyabos, kuma hanci da ido ne suka ba da shaidar.

Laifin ya rabu biyu. Masu mota suna ɓoye tarihin motarsu, ko don kunya, ko don su ma haka aka sayar musu. Wasu dillalai kuwa har cire ƙwan fitilar gargaɗi suke yi kafin ciniki, wannan kuma ha'inci ne da babu wani suna da za a sa masa. A ɗaya ɓangaren, akwai masu karɓar kuɗin sa kwamfuta su danna gogewa, fitila ta mutu, mai mota ya tafi yana godiya. Abin da bai sani ba shi ne an goge har da bayanin da ƙwaƙwalwa ta adana na lokacin da matsalar ta faru: gudun mota, zafin ruwa, juyin inji. Bayan kwana biyu fitila ta dawo, shaidar kuma ta tafi.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai horar da masu gyara su sa wannan a gaba, ta yadda duk wanda zai riƙe na'ura sai ya iya karanta bayanan da ke fitowa yayin da mota ke tafiya, ya kuma iya auna waya da mita. Kai kuma mai mota, sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun dashbod. Ranar da aka canja inji ko giyabos, a rubuta lambar da ke jikinsa da irin motar da aka ciro shi. A rubuta irin man da aka zuba, da ranar da aka jona gas. In an sa maka kwamfuta, ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa, sannan ka tambayi mai gyara abin da ya auna da hannunsa bayan ya gan su.