Hatimin Fasfo Ba Shi Ne Ziyara Ba

Mai karatu, in ka buɗe taswirar Afirka ta Kudu za ka ga wani ɗan ɗigo a cikinta kamar ƙwayar gero a faranti. Wannan ɗigon shi ne Lesoto, ƙasa mai cin gashin kanta wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina. A watan Yulin 2018 ni da wani abokina muka ɗauki mota mai jan ƙafa huɗu daga Durban, da niyyar mu leƙa mu dawo a wuni guda. Kwana huɗu muka yi, kuma abin da na gani ne ya sa nake ganin masu leƙen wuni guda suna cutar kansu, suna kuma raina masu ƙasar.

Hanyar da muka bi sunanta Mashigin Sani, ba Sanin gidanmu ba, wata hanya ce da ke nannaɗe dutse kamar rawani har ta kai tsayin mita sama da 2,800. A can ƙoli akwai ofishin kan iyaka da wurin shaƙatawa na baƙi. Nan na ga motocin 'yan yawon buɗe ido sun yi layi, a buga musu hatimi, su ɗauki hoto cikin ƙanƙara, su ci abinci, kafin la'asar sun gangara. Gobe ka ji mutum yana cewa ai ya je Lesoto. To, wanda ya tsaya a zaure ya juya, ya san gidan?

Mu da muka wuce gaba, sai ƙasar ta fara buɗe mana. Tafiyar da taswira ta nuna kamar taku biyu ce, sai ta cinye mana wuni, domin babu miƙaƙƙiyar hanya, daga hawa sai gangara. Ƙasar duk faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 30,000 da 'yan kai ba, amma wurin da ya fi ko'ina kwari a cikinta ma yana da tsayin mita 1,400. Makiyaya muka riƙa gani lulluɓe da bargo, da takalman roba, wasu a kan ƙananan dawakai. Wani dattijo a kusa da Mokhotlong ya ga muna rawar ɗari cikin 'yan rigunanmu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ja mu ɗakinsa muka ji ɗumin wuta. Ba mu jin yarensa, ba ya jin namu, amma mun fahimci juna sarai.

Sai da muka isa Thaba Bosiu, kusa da Maseru babban birnin, na gane dalilin da ya sa ɗigon nan bai narke cikin maƙwabciyarsa ba. A kan wannan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai Sarki Moshweshwe ya kafa sansaninsa a 1824, ya tara mutanen da yaƙe-yaƙe suka tarwatsa, ya mai da su al'umma guda. Da Turawan Bowa suka matsa masa da yaƙi suna cinye gonakinsa, sai ya nemi kariyar Ingila, ya samu a 1868. Wannan dabara ce ta sa jikokinsa suka sami 'yancinsu daban a ranar 4 ga Oktoba, 1966, a lokacin da wariyar launin fata ke cin kasuwarta a ƙetaren iyaka. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Amma kada in yi maka zaƙin baki, ƙasar tana da nata ciwon. Mun je madatsar ruwa ta Katse mai tsayin mita 185, wadda aka gina bisa yarjejeniyar 1986 domin a tura ruwa ta ƙarƙashin duwatsu zuwa yankin Johannesburg. Gwamnati na karɓar kuɗin ruwan, amma mutanen da ruwa ya cinye gonakinsu da makiyayarsu sun daɗe suna kukan diyya. Da idona na ga mata ɗauke da bokitai suna hawan tudu, ga tafki shimfiɗe a ƙasansu. Mai leƙen wuni guda ba zai taɓa ganin wannan ba.

Na san wani zai ce ba kowa ke da kwana huɗu da kuɗin mai ba. Gaskiya ne, ban kuma ce laifi ne ba. Sai dai ka sani, mafi yawan motocin da ke kai masu leƙe daga ɓangaren Afirka ta Kudu suke tasowa, can kuɗin yake komawa. Wanda ya kwana a ƙauye, ya sayi bargo a kasuwa, ya ɗauki ɗan gari jagora, shi ne ya bar wani abu a hannun masu ƙasa.

Saboda haka shawarata, in tafiya ta biyo da kai ta irin waɗannan ƙananan ƙasashe, ka kashe mota ka kwana ko da dare ɗaya ne. In kuwa ba hali, to ka faɗi gaskiya ka ce ka ga ƙofar Lesoto. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni ma saura ƙiris in dawo da shi a wuyana.