Ra'ayi: Kafin a rataya hoto a bangon falo, a tambayi na wane gari ne

Da zarar an kawar da amfanin gona, bukukuwan aure sun kankama a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Ranar jere, bayan mata sun gama kafa gado, sun shimfiɗa leda, sun ɗaura labule, sai wata daga cikin gwaggwannin amarya ta ɗaga kai ta ce bangon nan ya yi fayau. Nan take a tashi yaro zuwa kasuwa. Abin da zai dawo da shi kowa ya sani tun bai dawo ba: hoton ruwa na gangarowa daga tsaunin ƙanƙara, ko dogayen benayen Dubai da dare, ko kwandon tuffa da inabi, ko wani gidan katako a tsakiyar ciyawar Turai. A buga ƙusa a rataya, an gama.

Wanda ya shiga falo goma a unguwa guda zai iya tarar da hoto iri ɗaya a fiye da rabinsu. Da wuya ya ga hasumiyar masallacin Agadas, ko ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko tafkin Madarunfa lokacin da ya cika. Ƙasar da magina suka yi suna wajen ƙawata bango ta wayi gari bangonta na tallar garuruwan wasu.

Za a iya cewa wannan ƙaramin abu ne a lokacin da magidanci ke fama da tsadar hatsi da kuɗin haya. To amma hoton da aka rataya yau zai yi shekaru a wurin. Yaron da aka haifa a ɗakin zai buɗe ido da shi, ya yi rarrafe a ƙarƙashinsa, ya girma yana kallonsa safe da yamma. Kuɗin da aka saye shi da su kuma sun tafi wani wuri. Waɗannan dalilai biyu sun isa a tsaya a yi tunani kafin a aiki yaro kasuwa.

Bango bai taɓa zama fayau ba

Adon bango ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai yawo a unguwannin Birni da Zango na Damagaram, birnin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har zuwa 1926, zai ga gidajen da aka yi wa zane tun daga ƙofar zaure har zuwa zankwaye: dagi, takobi, da'ira cikin da'ira, wasu an shafa musu launi, wasu an bar su da kalar ƙasa. Magini ne ke yin su da hannu tun laka na ɗanye, kuma mai wucewa kan gane matsayin mai gida daga zanen ƙofarsa.

A cikin gida kuwa, aikin na mata ne. Kakanni sun jera ƙore da fayafai masu launi a bango. Daga baya tasoshi da kwanukan sha suka shigo, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har rufi. A ɗakin malami ko na wanda ya sauke Alƙur'ani, allon zayyana ne ke jingine. Duk waɗannan kayan suna da labari: wannan faifan wance ce ta ɗinka, wannan tasar gadon kaka ce, wannan allon na ranar saukar wane ne. Baƙo ya tambaya, a ba shi amsa, hira ta ɓarke.

Hoton tsaunin ƙanƙara ba shi da wannan. Mai ɗakin ba ta san ƙasar ba, ba ta san wanda ya ɗauka ba, in yaro ya tambaye ta ina ne nan sai ta ce can ƙasar waje. Hirar ta ƙare ke nan.

Abin ratayawa bai yi ƙaranci ba

Nijar na da abubuwan da mutane ke tasowa daga nesa don su ɗauki hotonsu. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da laka, tsawonta ya kai mita 27, kuma tun 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya. A ƙauyen Yama na jihar Tawa akwai masallacin Juma'a da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986. Hotonsa na cikin littattafan da ɗaliban zanen gini ke karantawa a ƙasashen waje, amma ɗan Tawa na iya girma har ya yi aure bai taɓa ganinsa ko a takarda ba.

A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban cikinsu ya haura mita 5. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai rayayyun raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma. Akwai bishiyar Tenere da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada har zuwa 1973 lokacin da mota ta kayar da ita, wadda ragowarta ke ajiye a gidan tarihi na Bubu Hama. Akwai lambunan Timiya, da kwale-kwalen masunta a kogin Isa da yamma, da filin kokowa ranar da ake ba da takobi. Ga kuma tsofaffin hotunan Yamai da Philippe Koudjina ya ɗauka bayan samun ƴancin kai, da zane-zanen Rissa Ixa kan rayuwar Abzinawa.

Yaron da ya tashi da ɗaya daga cikin waɗannan a bangon gidansu, ranar da malami ya ambaci sunan wurin a aji, ba zai ji shi kamar sunan wata duniya ba.

Ina kuɗin ke zuwa?

Mafi yawan hotunan da ke rataye a shagunan babbar kasuwar Maradi, kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Yamai an buga su ne a masana'antun ƙetare, aka yi sarinsu tare da labule da furannin roba. Ɗan kasuwar da ya kawo su ya ci ribarsa, wannan halal ne. Amma kaso mafi tsoka ya tsallaka iyaka.

A gefe guda kuma, masu zane da masu ɗaukar hoto da dukawa da maƙeran farfaru na ƙasar nan sun daɗe suna dogaro da baƙi ƴan yawon buɗe ido. Tun tawayen 2007 a arewa, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, wannan kasuwa ta yi ta ja da baya. Wanda ya leƙa ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko rumfunan da ke cikin gidan tarihi na Yamai zai ga kaya masu kyau da masu su zaune suna jiran mai saye. Idan baƙo ya daina zuwa, ɗan gida kuma bai saya ba, mai sana'a zai rufe rumfa ya kama kabu-kabu, ɗansa kuma ba zai koyi aikin ba. Haka sana'a ke mutuwa, ba tare da an yi shela ba.

Sai dai laifin ba na mai saye kaɗai ba ne. Masu zane da yawa har yanzu suna sa farashi kamar mai sayen Bature ne da ke biya da kuɗin Yuro. Malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba da rabin albashinsa don zane guda ba, alhali hoton kasuwa bai kai kuɗin tiyar hatsi ba. A nan ne bugu ke da amfani. Zane guda na asali ana iya ɗaukar hotonsa da kyau, a buga kwafi hamsin ko ɗari a takarda mai kauri, mai zanen ya sa hannu a kowanne, a sayar da farashin da talaka zai iya. Na asalin ya jira mai kuɗi, kwafin ya shiga gidaje. Injunan da ke buga allunan talla da hotunan ƴan takara a kowane babban gari za su iya wannan aiki, in an ba su takarda da tawada masu kyau.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a yi hattara da ita. Wani zai ji wannan kira, ya shiga intanet ko Facebook, ya sauke hoton masallacin Agadas da wani matashi ya sha rana ya ɗauka, ya kai wurin bugu, ya yi ta sayarwa. Wannan cin haƙƙi ne. Hoto da zane dukiyar mai su ce, kuma akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, BNDA, da aka kafa don irin wannan. Neman izini da biyan mai hoto shi ne bambancin tallafa wa ɗan ƙasa da yi masa sata.

Batun addini

Magidanta da dama na guje wa rataya hoton mutum ko dabba, bisa karatun da suka samu daga malamansu. Wannan matsayi ne da ya cancanci girmamawa, kuma ba ya rufe ƙofar komai. Masallaci, ƙofar fada, tudun rairayin Tenere, itacen gawo a tsakiyar gona, zanen dagi, siffofin tanaƙilt na azurfa da aka fi sani da kuros ɗin Agadas, babu mai rai a cikinsu. Bargon tera-tera ko tabarma mai kyakkyawan saƙa, in aka shimfiɗa a bango, sun fi hotuna da yawa ƙayatarwa.

Masu son ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah su ma suna da zaɓi. Maimakon rubutun inji da aka buga a masana'antar da ba a san ko mai aikin na karanta Larabci ba, akwai alarammomi a kowane gari da ke rubutu da hannu, da irin rubutun da aka gada a tsangayu, suna kuma yin zayyana. Wanda ya riga ya sayi na kasuwa, yana da kyau ya nuna wa malami ya duba ko akwai harafin da ya faɗi ko wasalin da ya kauce. A kuma lura da inda za a rataya shi: ba bayan ƙofar da ake jibge takalma ba, ba kuma inda yara za su yage shi ya faɗi ƙasa ba.

Abin dubawa kafin a biya

Yanayin ƙasar nan ba ya raga wa takarda. Rana na cinye launi, hoton da aka rataya daura da taga zai koɗe cikin ƴan watanni, ja da rawaya su gudu su bar shuɗi-shuɗi. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, shi ya sa hoto mai gilashi da aka toshe bayansa ya fi daɗewa. A gidan laka ko bangon da ke tsotsar ruwa da damina, kada a manna takarda kai tsaye; a bar ɗan rata tsakaninta da bango saboda danshi da gara. Kafintan unguwa da mai yankan gilashi za su iya haɗa firam mai ƙwari, kuɗin ma sun zauna a cikin gari.

Girma ma abin lura ne. Ƙaramin hoto shi kaɗai a doguwar katanga ɓacewa yake yi, babba kuma a ƙuntataccen ɗaki yakan danne komai. A rataya shi daidai idon mutum, a tuna cewa a gidaje da yawa a kan tabarma ko darduma ake zama, don haka hoton da aka kai kusa da rufi ba mai kallonsa sai ƙadangare. Kuma hoto ɗaya ko biyu da aka zaɓa da natsuwa sun fi goma da aka cusa don kawai a rufe bango. Hoton kaka ko na tsohon gidan gado da ke kwance cikin akwati, in aka wanke shi aka ƙara masa girma, ya fi duk wani na kasuwa daraja.

Nauyin da ke kan kowa

Babu mai cewa a hana shigo da hotunan waje, ko a tsangwami matar da ke son ganin furanni a ɗakinta. Ɗaki nata ne, ido nata ne. Hoton Ka'aba da na masallacin Madina kuwa suna da gurbin da ba mai taɓa shi a zuciyar Musulmi. Abin da ake nema shi ne a samu zaɓi, domin a yau wanda ya shiga kasuwa neman hoton garinsu yawanci hannu rabbana yake fitowa.

Ofisoshin gwamnati, ma'aikatun magadan gari, bankuna, otal-otal da makarantu su ne ya kamata su fara. Bangon ɗakin jira guda da aka ƙawata da aikin ƴan jihar na iya riƙe mai zane na tsawon watanni. Masu shirya baje kolin SAFEM da bukukuwan ranar 18 ga Disamba na iya ware rumfa ta hotunan bugu masu sauƙin kuɗi. Masu zane da masu ɗaukar hoto kuma su daina jiran jirgin baƙi, su kai kayansu inda ake sayen kayan jere, kusa da masu labule da masu kwanuka, domin can ne ake yanke shawarar abin da zai hau bango.

Sauran aikin na iyaye mata ne da ke haɗa kayan ɗaki. Cikin kuɗin da ake kashewa kan furannin robar da za su yi ƙura kafin suna na fari, ana iya tsakurar kaɗan a sayi hoto guda na gida. Ranar da jika ya nuna shi da yatsa ya ce ina ne nan, sai a zaunar da shi a ba shi labari.