In An Dasa Bai Kama Ba, Sai Me?

Kwanan baya a wani gidan suna nan Arkilla, hira ta kai mu kan wata baiwar Allah da ta je Abuja har sau uku ana yi mata dashen tayi, watau abin nan da ake kira jaririn kwalba, amma ko sau ɗaya ciki bai zauna ba. Ta sayar da zinariyarta, dangin miji sun soma zancen ƙarin aure, ga shi kuma an ce ta kawo wasu kuɗi a yi mata "ƙarin magani" kafin dashe na huɗu. To, kan wannan ƙarin maganin nake so mu tsaya yau.

Yadda aikin yake, likita zai ɗebi ƙwan mace ya haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da tayin cikin mahaifa. Tun 1978 aka haifi ta farko, Louise Brown, a Ingila. Amma har gobe mannewar tayi a bangon mahaifa ita ce inda dabarar likita ta fi gazawa, kuma a nan ne ake yi wa aljihu illa.

Wani zai ce a ɗan karce bangon mahaifar, wai don tayin ya sami wurin kamawa. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji kan mata 1,364. Waɗanda aka karce da waɗanda aka ƙyale, duka 26 cikin 100 ne suka haihu. A 2023 kuma ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fito da shawarwarinta game da matan da dashe ya sha ƙi musu. Ba ta goyi bayan karcewar ba, haka ƙarin ruwan mai ta jijiya, haka ɗibar jinin mace a tace a zuba mata cikin mahaifa. Ban ce duk likitan da ya kawo miki waɗannan macuci ne ba, wani tausayi ne ya sa shi. Amma kuɗinki ne da jikinki, kina da ikon tambayarsa: wane gwaji ne ya nuna wannan yana ƙara haihuwa?

Sau da yawa mahaifar ba ta da laifin kome. Tayin ne ya zo da tangarɗa tun daga halittarsa, abin da kan ƙaru in shekarun mace sun haura 35. Wani bincike na 2021 a Amurka kan mata fiye da 4,000 masu lafiyayyar mahaifa ya nuna in an tantance tayin lafiyayye ne, fiye da 90 cikin 100 ciki kan zauna musu cikin dashe uku.

Akwai kuwa abubuwan da gyaransu ke da amfani na gaske. In hanyar ƙwai ta toshe ta tara ruwa, ruwan nan yakan tsiyaya cikin mahaifa ya hana tayi zama, cire ta ko ɗaure ta kafin dashe yana taimako. Haka ƙarin da ya tsiro cikin mahaifa. Shi ma Maigida a sake auna shi, ko da zai ɓata rai, domin rabin tayin nasa ne.

Ke kuma 'yar makaranta, kada ki ce ba ruwanki. Ciwon sanyi da aka bari ba magani, da cutar da kan shiga bayan haihuwa ko ɓari, su ne kan toshe hanyar nan shekaru kafin a gane.

Ita dai matar can, shawarar da na aika mata ita ce ta karɓo takardun dashe ukun nan duka, ta kai wa likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya duba, ita da mijinta, kafin ta sake fitar da ko kwabo.