Kama da Wane: Darajar Bajon Kumbon da Bai Taɓa Barin Ƙasa Ba

A watan Yulin 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da rigar da Buzz Aldrin ya sa a tafiyar Apollo 11 a kan kusan dala miliyan 2.8. A ƙirjin rigar akwai tambarin tafiyar: mikiya tana sauka a kan wata, riƙe da reshen zaitun a faratanta. Wannan tambarin dai, an yi masa surfani da zare a kan ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ana sayar da shi a shagunan gidajen tarihi da kasuwannin intanet a kan 'yan daloli kaɗan. A Amurka da Turai da Rasha akwai mutane da yawa da suka mayar da tara irin wannan bajo abin sha'awarsu. Suna jera shi cikin gilashi bisa tsarin shekaru, suna musayarsa, suna gardama a kan launin zare da kaurin baki.

Mai kallo daga nesa zai ce araha ba ta ado, kuma kama da wane ba wane ba ne: me za a yi da kwafin abin da bai je ko'ina ba? Tarihin bajon da kansa ya raunana wannan hukuncin. Wanda ya bi shi daki-daki zai tarar cewa iyakar da ke tsakanin na asali da kwafi ba ta inda ake zato take ba, kuma cewa abin da ya cancanci tsoro a wannan harka shi ne ƙaryar da ake ratayawa a kan ƙyalle.

Yadda al'adar ta faro

Mace ce ta fara. A ranar 16 ga Yunin 1963 Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet ta tashi a kumbon Vostok 6 da surfanin kurciya a jikin rigarta ta ciki. Rigar waje ta rufe shi, don haka duniya ba ta gan shi a hotunan ranar ba.

A Amurka kuwa, al'adar ta samo asali ne daga taƙaddama. 'Yan sama-jannatin shirin Mercury su ne ke raɗa wa kumbonsu suna. Gus Grissom ya kira nasa Liberty Bell 7, kuma kumbon ya nutse a teku bayan saukarsa a 1961. Da aka ba shi jagorancin Gemini 3, wanda ya tashi a 1965, sai ya raɗa masa Molly Brown, sunan tauraruwar wani wasan kwaikwayo da ake wa kirari da cewa ba ta nutsewa. Shugabannin NASA ba su ji daɗin barkwancin ba, suka hana raɗin suna daga nan.

Gordon Cooper, kwamandan Gemini 5, ya nemi wata hanyar da shi da Pete Conrad za su sa hannu a tafiyarsu. Ya zo da bajo irin na rundunonin soja, mai hoton amalanke mai rumfa, irin wanda Turawan da suka nausa yammacin Amurka suka yi ƙaura da shi, tare da taken da ke alwashin cika kwana 8 a sama. Shugaban NASA James Webb ya amince da bajon, amma ya sa aka rufe taken da ɗan ƙyalle, don gudun kada tafiyar ta katse taken ya zama abin dariya. Tsoronsa yana da tushe: tun ranar farko na'urar samar da lantarki ta ba da matsala. Daga ƙarshe sun sauka a ranar 29 ga Agustan 1965, saura kimanin awa ɗaya kwana 8 su cika, bayan sun karya tarihin daɗewa a sama da Sobiyet ke riƙe da shi. Daga nan kowace tawaga ta sami 'yancin zana nata.

Ke nan bajon Amurka na farko yana da fuska biyu, mai take a buɗe da mai take a rufe, kuma mai tarawa dole ya san wanne yake riƙe da shi. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ya adana labarin hukumar da ke tsoron jin kunya a gaban abokan gabarta.

Wanda ya je wata ba na surfani ba ne

A ranar 27 ga Janairun 1967 gobara ta tashi cikin kumbon Apollo 1 yayin gwaji a ƙasa, ta hallaka Grissom da Ed White da Roger Chaffee. Kumbon cike yake da tsantsar iskar oksijin, kuma a irin wannan yanayi abin da ba ya saurin kamawa a fili yakan ci kamar audugar rimi. Bayan binciken da aka yi, NASA ta rage duk abin da wuta za ta iya ci a cikin kumbo. Aka koma yin rigunan da wani yadi mai suna Beta, wanda aka saƙa da zaren gilashi. Tamburan da aka liƙa wa rigunan tafiya su ma a kan wannan yadi aka buga su da tawada.

Abin da wannan ke nufi shi ne, mikiyar da ke ƙirjin Neil Armstrong a ranar 20 ga Yulin 1969 bugawa aka yi. Bajon surfani na Apollo 11, wanda kowa ya sani, tun asali an yi shi ne don rigunan ƙasa, da ma'aikata, da kyauta, da sayarwa. Tun farkon shekarun 1970 kamfanin A-B Emblem da ke jihar Karolina ta Arewa ke yi wa NASA bajo, kuma shi ne ke sayar wa jama'a irinsa. Wani kamfanin, Lion Brothers na jihar Maryland, ya yi nasa a zamanin Apollo, har yakan ɓoye lambar tafiyar cikin surfanin wasu daga ciki, alamar da masu tarawa ke nema da madubin ƙara girma.

Bajo abu ne da aka halitta don a yawaita shi, kamar kan sarki ko kwabo. Gwamnatin Amurka da kanta ta sa zanen Apollo 11 a bayan dalar ƙarfe a 1971, ta sake sa shi a wata a 1979. Wanda ya san aikin babbar riga ya san wannan ƙa'ida: aska takwas da aka ɗinka bana ba jabu ba ce don an ɗinka irinta shekara ɗari da suka wuce. Ha'inci yana shigowa ne ranar da aka sayar da aikin keke da sunan aikin hannu, ko sabuwa da sunan gadon sarki.

Abin da zanen ke koyarwa

Hujja mafi ƙarfi ta masu tara kwafi ita ce, ilimin da ke cikin bajo yana cikin zanensa ne, kuma kwafi mai kyau yana ɗauke da zanen cif. Na Apollo 8, wanda Jim Lovell ya zana, jar lamba 8 ce da ta zagaye duniya da wata: lambar tafiyar ce, kuma ita ce siffar hanyar da kumbon ya bi a Disambar 1968. Yaron da ya fahimci wannan zane ya fahimci tafiyar.

Na Apollo 11 ya fi kowanne labari. Michael Collins ne ya zana shi, ya kwafi mikiyar daga wani littafin tsuntsaye. Da farko reshen zaitun a bakinta yake, faratanta a buɗe. Jami'ai a Washington suka ga faratan sun yi kama da na mai kai hari, suka sa aka mayar da reshen cikinsu. Tawagar ta zaɓi kada a sa sunayenta, domin tambarin ya wakilci duk waɗanda suka yi aikin, waɗanda aka ƙiyasta sun kai mutum 400,000. Akwai ma kuskure a ciki wanda Collins ya amsa daga baya: inuwar da ke kan duniya ba ta gefen da ya kamata take ba. Kwafi mai amana yakan maimaita kuskuren, domin gyara shi sauya tarihi ne.

Na Apollo 13 shi ma bai ɗauki sunaye ba, dawakai uku ne da taken Latin da ke danganta wata da ilimi. Hakan ya zo daidai, domin kwanaki kaɗan kafin tashi a Afrilun 1970 aka cire Ken Mattingly bisa fargabar ya kamu da wani nau'in ƙyanda, aka sa Jack Swigert a gurbinsa.

Inda ƙarya ke shiga

Masu suka suna da gaskiya a wurare biyu. Na farko: a kasuwa ana sayar da cikakken jerin bajon Mercury, ɗaya ga kowace tafiya shida da aka yi da mutum daga 1961 zuwa 1963. Babu ɗan sama-jannatin Mercury da ya tashi da bajon tafiya. Abin da aka yi a lokacin shi ne rubuta sunan kumbo a jikinsa da fenti, kuma wata mai zane, Cece Bibby, ita ta yi na John Glenn da Scott Carpenter da Wally Schirra. Daga baya ne aka ƙirƙiri bajon don cike giɓi. Wanda ya jera su kusa da na Gemini 5 ba tare da bayani ba ya koyar da baƙonsa tarihin da bai faru ba, kuma ya share taƙaddamar da ta haifi al'adar. Ajiye su ba laifi ba ne, matuƙar an rubuta a ƙarƙashinsu cewa na tunawa ne.

Na biyu shi ne kuɗi. Kalma ɗaya, cewa abu ya tashi sama, tana iya ninka farashinsa sau dubbai, alhali ido ba ya bambanta wanda ya zagaya wata da wanda ya kwana a sito. Takarda ce kaɗai shaida, kuma takarda ana ƙirƙirar ta. Wannan kwaɗayi ya taɓa hatta 'yan sama-jannatin. A 1971 tawagar Apollo 15 ta tafi da ambulan wasiƙa kusan 400 ba da izini ba, 100 daga ciki suka faɗa hannun wani ɗan kasuwar kan sarki a Jamus. Da asiri ya tonu aka tsawata musu, kuma babu ɗayansu da ya sake tashi. Rigimar wa ke da mallakar kayan tafiya ta ci gaba har 2012, lokacin da Amurka ta yi dokar da ta tabbatar wa 'yan sama-jannatin Mercury da Gemini da Apollo mallakar ƙananan kayan da suka riƙe, ban da duwatsun wata.

Idan aka duba da kyau, wannan suka ta fi faɗawa kan kasuwar na asali. Mai sayen kwafin dala biyar ya san abin da ya saya, babu mai cutarsa. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai neman tabarruki, wanda ke son taɓa abin da ya taɓa wata. Kayan asali kuma da zarar an buga gudumar gwanjo sukan shige ɗakin ajiyar attajiri, su ɓace wa jama'a. Kwafi ne ke isa aji da ɗakin karatu.

Abin da ba a zana ba

Akwai suka ta uku wadda ba ta da amsa mai sauƙi. Waɗannan tambura kayan yaƙin cacar baki ne, an zana su ne don ƙasa ta yi alfahari. Ba su nuna cewa Wernher von Braun, jagoran ƙera rokar Saturn V, ya yi wa Jamus ta Hitler rokar V-2 wadda fursunoni suka ƙera cikin aikin tilas ba. Ba su nuna Katherine Johnson da sauran baƙaƙen mata masu lissafi ba. Ba su kuma nuna ƙasashen da aka kafa kunnuwan shirin a cikinsu ba. NASA ta gina jerin tashoshin bibiyar kumbon Mercury a kewayen duniya, daga ciki akwai ɗaya a Zanzibar da ɗaya a Kano. A ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi. Tafiyar wata ma ta bar sawu a harshe: Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, kuma ciwon idon da ya ɓarke a Gana a 1969 har yau Apolo ake kiransa a Afirka ta Yamma.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kan ƙyalle. Amma mantuwa ba ta gyara wannan giɓi, bayani ne ke gyara shi, kuma bayani yana buƙatar abin da za a rataya shi. Bajon da ke jikin bango yana jawo tambaya, tambaya kuma tana ba mai shi damar faɗin abin da mai zanen ya bari.

Saboda haka mizanin tarin kirki shi ne abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane ƙyalle: wace tafiya ce, wa ya zana, wane kamfani ya yi surfanin, a wane zamani, kuma shin tawagar ta sa irinsa ko daga baya aka ƙirƙira. Mai sayarwar da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi biyar ya riga ya ba da amsa. Mai tarawar da ya iya amsa su a kan kwafi arba'in ya fi sanin tarihin zuwa sama fiye da wanda ya kulle na asali ɗaya a banki bai san dalilin da ya sa reshen zaitun ya bar bakin mikiya ba.