RA'AYINMU: A BAR HANYAR KOTU A BUƊE

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san amsa sammaci ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara da shekaru, mutumin Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa da alkali ya kira sai ya yi bankwana da iyalinsa kafin ya kama hanya, saboda 'yan bindigar da suka mamaye dajin Kamuku da kewayensa. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, mutane kuma suka soma komawa gonakinsu. Komawa gona kuwa tana tafe da rigingimun iyaka, da na gado, da basussukan da aka jingine tun kafin a watse. Tilas a kai su wani wuri.

Abin da ke damunmu shi ne wata mummunar al'ada da ta daɗe a ƙasar nan. Mai bin bashi ya ji cewa wane zai zo kotu ran kaza ba da shaida, sai ya ɗauko ɗan sanda su tsaya a ƙofa, mutum na fitowa a yi ram da shi. To, doka ba ta yarda da wannan ba. Sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ya hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ko saɓa yarjejeniyar ciniki, sashe na 7 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata duka biyun. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Wurin nemansa shi ne gaban alkali.

Tun da can shari'ar Ingila, wadda kotunanmu suka gaji da yawa daga gare ta, ta kāre mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu daga kamun bashi, a hanyar zuwa kotu, da lokacin zamanta, da hanyar komawa gida. Kariyar ba ta shafi wanda ake nema da laifi kamar kisa ko fashi ba. Hikimar a fili take: shaidar da ke tsoron ƙofar kotu ba zai zo ba, alkali kuwa ba ya hukunci sai da shaida.

A Birnin Gwari asarar ta fi haka. Manomin da ya ga an kama maƙwabcinsa a ƙofar alkali zai nemi wani mai raba gardama, kuma mun riga mun ga irin hukuncin masu bindiga a daji.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da ta rubuta wannan kariya ɓaro-ɓaro, ta shafi kotunan majistare da na Shari'a duka, a kuma karanta ta da Hausa a rediyo. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun lauya, in an yi hutu ku bayyana wa iyayenmu waɗannan sassa a masallatai da kasuwanni. Ku da kuka kama aikin gwamnati a ofishin kotu ko na ƙaramar hukuma, in kun ga an kama mai ba da shaida a kan bashi, ku sanar da alkali nan take, kafin a wuce da shi caji ofis.

Edita